Ashirin da Uku

Na ƙirga su a ƙofar makaranta, can Mabera,
ashirin da uku, kowa da gorar ruwa a wuya.
Na sake ƙirgawa a cikin bas
don Altine ta shige ƙarƙashin kujera
tana neman takalminta na hagu.

Da muka hau gadar Rima sai ihu ya kaure,
wai sun ga teku.
Ban gyara musu ba.

A Kwalkwalawa muka bar kwalta,
muka bi kunya-kunya cikin fadama,
fararen safa suka ɗauki launin laka
tun ba mu kai ko'ina ba.
Baba Ladan ya fito daga bukka, malfa a ka,
ya ce, "Ku taka sannu, jikokina,
yaɗo ba ya shiri da takalmi."

Kulu ta ɗaga kai tana duban sama.
"Malama, ina bishiyar?"
Ita dai a tire ta san kabewa,
yanka-yanka a kasuwa, ƙuda na bi,
sai kuma ranar da aka yi miyar taushe.

Tsohon bai ce komai ba.
Ya duƙa, ya ɗage ganye mai faɗin faifai,
ga ta kwance a ƙasa, jibgegiya,
kamar jaririn da ya ƙoshi ya yi barci.
Shi kabushi yake ce mata.
Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, sau biyu.
"Kun ji? In ta nuna, takan amsa."

Daga nan aji ya watse.
Ige na kuka, ganye ya sa mata ƙaiƙayi.
Tukur da Bawa sun rungumi guda
suna nishi, ko motsi ba ta yi ba.
Hajo ta leƙa cikin fure rawaya,
ƙudan zuma ya fito, kowa ya kama gabansa.

Da azahar ta gabato, ƙarƙashin mangwaro,
na raba biskit, na ƙirga kawuna.
Ashirin da biyu.

Na sake. Ashirin da biyu.
Cikina ya ɗuri ruwa.
Rijiya na fara dubawa, Allah ya sani,
ƙafafuna ba nawa ba ne a lokacin.

Can ƙarshen gona, inda shinge ya karye,
na iske Modi rub da ciki,
kunnensa manne da wata 'yar koriya.
Modi, da tun farkon zango
ban ji muryarsa a aji ba.
Tsawa na cike da bakina
sai ya ɗaga yatsa.
"Malama, yi shiru.
Na yi sallama, ba ta amsa ba tukuna."

Na haɗiye tsawar.
Na durƙusa da sabuwar atamfata,
na kara kunne kusa da nasa.
Da ɗumin rana a jikinta.
Ban ji komai ba
sai zuciyata tana komawa mazauninta.

Baba Ladan ya iso yana jan ƙafa.
"Wannan da saura, sai nan da mako biyu.
Sa mata alama, kada a kai ta kasuwa."
Ya miƙa masa ƙaya.
Modi ya ciji leɓe, ya zana M,
a karkace, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.
Wata biyu ina bin wannan harafi da alli
ban samu ba.

A hanyar gida an ba kabewa kujera guda,
kyautar tsohon, an ɗaure ta da gyalena.
Barci ya kwashe su kafin gada,
ba wanda ya ga teku a karo na biyu.
Modi kaɗai ke farke
yana ƙirga kwanaki da yatsu.
Nasa suka ƙare a goma,
sai ya jawo hannun Altine a hankali
ya ari huɗu.